Bayan Ƙira Da Walda: Batun Manyan Injinan Sassaƙa Ƙarfe A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Noman kudancin Katsina ya daɗe da hawa kan inji. Daga Ƙanƙara zuwa Sheme, daga Faskari zuwa Daudawa, daga Ɗandume zuwa Sabuwa, da wuya ka sami gari mai kasuwa da babu injin niƙa, babu injin sussukar masara, babu injin ban-ruwa a fadama, babu tarakta ko da ta haya ce. Abin da bai taso tare da waɗannan injina ba shi ne ƙarfin gyara su idan ɓarna ta wuce aikin sifana da walda. Shaf ya cinye, mazaunin boris ya yi faɗi, karanshaf ya buga, sai a naɗe ƙarfen a buhu a nufi Funtuwa. In ya gagara a can a wuce Zariya, Kaduna ko Kano. Masara na jiran inji a masussuka, inji na jiran ƙarfe guda ɗaya da bai fi tsawon kamu ba.

Wannan ne ya sa duk lokacin da aka zauna maganar sana'ar matasa a yankin Karaduwa, wato kudancin Katsina, sai ka ji wani ya ce a kawo manyan injina. Shawarar ba ta da laifi, amma tana ƙunshe da tambayoyi da dama da ba a cika warware su ba. Waɗanne injina? Da wace wuta za su yi aiki? Wa zai tsaya a kansu? Wane aiki ne zai ciyar da su shekara ta zagayo? Ra'ayina shi ne injin kansa ne mafi sauƙi a cikin lissafin, kuma duk wanda ya fara da sayensa ya fara ne daga ƙarshe.

Mataki uku na aikin ƙarfe

Ƙasar Hausa ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Masu binciken kufai sun sami shaidar narkar da tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma har yau sarautar Sarkin Maƙera na nan a garuruwanmu. Da zugazugi da masaɓa da awartaki maƙeri ya ciyar da noma ƙarni bayan ƙarni, ya ƙera fartanya da galma da lauje da magirbi. Wannan ne mataki na farko.

Zamanin Turawa ya kawo ƙarfen waje. Layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, garmar shanu ta shigo gonaki. A tsakiyar shekarun 1970 kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tare da na Gusau da na Gwambe, ya shigo da taki da sabon iri da hanyoyin karkara, kuma ƙasar Ƙanƙara da Faskari na cikin inda ya shafa. Maƙeri bai tsaya kallo ba, ya koyi ƙera bakin garma daga tsohon sifirin mota. Da wutar lantarki da janareta suka bazu, mai walda ya bayyana, ya ɗauki ƙofa da taga da amalanke da gangar jikin injin sussuka. Mataki na biyu ke nan, kuma a nan yawancin shagunan yankin suka tsaya.

Mataki na uku shi ne sassaƙa ƙarfe bisa awo. Maƙeri da mai walda suna aiki da ido da tef, kuskuren milimita ɗaya ko biyu ba ya ɓata ƙofa. Shaf ɗin da boris zai zauna a kansa ba haka yake ba. Boris mai rami milimita 40 yana buƙatar shaf ɗin da bambancinsa da wannan awo bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ba. Ya ragu kaɗan, boris zai riƙa juyawa a kan shaf yana cin sa. Ya ƙaru kaɗan, boris zai matse, ya yi zafi, ya mutu. Shi ya sa idan mai walda ya cike shaf ɗin da ya cinye, ya goge da giranda da hannu, injin kan tashi, amma da jijjiga, kuma ba a jima ba sai an sake sayen boris. Laifin ba na mai walda ba ne. Hannun ɗan Adam ba ya iya fitar da cikakkiyar da'ira a wannan ma'auni, dole sai inji.

Injinan da ake magana a kai

Uwar tafiyar ita ce injin sassaƙa mai juya ƙarfe. Ana damƙe ƙarfen a bakinsa yana juyawa, wuƙa mai tauri tana tafiya a gefe a kan gado madaidaici tana feƙe shi. Da shi ake yin shaf da bushin da fuli, a yanka zaren noti, a faɗaɗa rami, a maido da ƙarfen da aka cike da walda zuwa awonsa na asali. Tun wajen 1800, da Henry Maudslay ya kyautata irin wannan inji a Ingila, aka sami damar yin noti biyu masu zare iri ɗaya, kuma daga nan masana'antun zamani suka sami gindin zama. Matsakaicinsa, irin samfurin CA6140 na ƙasar Sin da ya cika duniya, yana juya ƙarfe mai faɗin milimita 400, motarsa kilowat 7.5 ce, nauyinsa ya kai tan biyu. Nauyin nan ba ado ba ne, shi ke shanye girgiza wuƙa ta yanka sumul.

Na biyu shi ne injin askewa, inda wuƙa ce ke juyawa, ƙarfen na ɗaure a kan tebur. Shi ke fitar da shimfiɗaɗɗiyar fuska, ya yanka gurbin makulli a jikin shaf, ya fitar da haƙoran giya idan an haɗa masa na'urar rabawa. Sai babban injin huda, da zarton inji mai yanka sandar ƙarfe, da matsi mai aiki da mai wanda ke cire boris ya miƙar da shaf ba tare da dukan guduma ba. Masu ƙera injin sussuka da tankuna kuma suna buƙatar injin yanka farantin ƙarfe da na lanƙwasa shi da na naɗe shi.

Akwai wani rukuni na daban, na masu gyaran injin mota da tarakta: mai wasa karanshaf, mai faɗaɗa ramin silinda, mai aske murfin kan inji. Karanshaf akan rage shi ne mataki-mataki, milimita 0.25, sannan 0.50, sannan 0.75, kowane mataki da nasa awon metal. Waɗannan suna da tsada, aiki ɗaya tak kowannensu ke yi, don haka sai inda motoci ke taruwa da yawa suke biyan kuɗinsu. Wurinsu Funtuwa ne ko Malumfashi, ba kowane gari ba. Rarrabe wannan rukuni da na farko shi ne farkon hikima, domin abin da manomin Sabuwa ke buƙata kusa da shi mai gyaran shaf da fuli ne.

Darasin da ƙasa ta riga ta biya

Najeriya ta taɓa gwada fara wannan tafiya daga sama. An soma ginin Ajakuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, da burin tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara a zangon farko, har yau babbar tukunyar narkarwarta ba ta fara aiki ba. A 1980 aka kafa kamfanin ƙera injinan sassaƙa a Oshogbo tare da kamfanin HMT na Indiya. A 1982 aka buɗe masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina, wadda Kobe Steel na Japan ya gina, mai ƙarfin tan 210,000 a shekara, tare da 'yan'uwanta na Jos da Oshogbo. An tsara su ne su dogara da ɗanyen ƙarfe daga kamfanin ƙarfe na Aladja, da wancan ya yi rauni sai su ma suka yi ta aiki ƙasa da ƙarfinsu, har aka sayar da ta Katsina ga kamfanin Dana a 2006. Gine-gine sun tsaya, injina sun iso, amma sarƙar da za ta ciyar da su ba ta haɗu ba.

Sakamakon haka kusan kowane injin sassaƙa da ke shagunan Arewa daga waje ya zo, ko dai tsohon Colchester ko Harrison na Ingila da ya fito daga rufaffiyar masana'anta, ko sabon na Sin ko Indiya. Farashinsu na bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin ya zo da fuska biyu. Sayen inji ya yi nisa, amma sabon kayan gyara ma ya yi tsada, don haka gyaran tsohon ƙarfe ya fi kowane lokaci riba. Kasuwar mai sassaƙa ta buɗe daidai lokacin da jarinsa ya ninka.

Wuta ce gaba da komai

Injin sassaƙa mai nauyi yana son wuta mai layi uku, kusan bolt 415, tsayayya. Layi ɗaya ya ɗauke alhali mota na juyawa, sai ta yi zafi ta ƙone. Ƙarfin wuta ya faɗi ana tsakiyar yanka, sai wuƙa ta cije, aikin ya lalace. Sannan a lokacin tashi mota kan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci tana tafiya, wanda ke nufin janaretan da ke ɗaukar injin walda ba zai tayar da ita ba. Mai inji na kilowat 7.5 yakan nemi janaretan dizal mai ƙarfin kVA 20 ko fiye, kuma litar dizal ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce yunit uku da ɗoriya ko janaretan na da lafiya.

Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Katsina da Kano da Jigawa, kuma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna ƙarshen dogayen layuka ne masu ratsa daji, inda turke ɗaya ya faɗi sai a daɗe cikin duhu. Tun Afrilun 2024 kuma masu samun wuta a rukunin farko suka koma biyan fiye da naira 200 a kan kowane yunit. Duk da haka akwai abin da ya sauya. Na'urar da ke daidaita gudun mota tana tayar da ita a hankali ba tare da wancan fizga ba, kuma da ita wutar sola ke iya juya matsakaicin inji. Aikin sassaƙa na rana ne, rana kuwa ba ta yi mana rowa ba, saboda haka ba sai an tara batura masu yawa ba. Dokar lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Ƙaramar tashar sola da za ta haɗa masu walda da masu niƙa da mai sassaƙa a fili ɗaya ta fi kowa ya kunna nasa janareta.

Mutum, ma'auni da ƙarfe

Inji ba ya sanin awo, mai shi ke sani. Kafin yaro ya taɓa wuƙa sai ya iya karanta maikuromita, ya iya lissafin gudun da ya dace da kaurin ƙarfe, ya iya wasa wuƙa, ya bambance zaren inci da na milimita. Wannan bambanci na ƙarshe yana da muhimmanci a yankin da tsohuwar Massey Ferguson ke aiki kafaɗa da kafaɗa da sabbin injinan Sin da Indiya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, shi ya sa tsohon injin Ingila ke buƙatar giya mai haƙori 127 kafin ya yanka zaren milimita daidai. Wanda ya sayi inji babu wannan giya ya rasa rabin aikinsa tun kafin ya kunna.

Irin wannan ilimi ba a samun sa a horon mako biyu da ake rufewa da rabon takarda. Shekaru yake ci a gaban gwani. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta nuna hanya, inda aka haɗa koyon sana'a na gargajiya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, yaro ya koya a shago kuma ya sami shaidar da hukuma ta amince da ita. A jiharmu akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Funtuwa, akwai Kwalejin Hassan Usman a Katsina. Abin da ya rage shi ne a haɗa ɗalibin da ya san lissafi da ɗan maƙera da ya san halin ƙarfe. A kuma koya musu kare kai tun ranar farko, domin ƙarfe mai juyawa ba ya sakin abin da ya kama. Babbar riga, dogon hannu, jelar rawani, safar hannu, duk ba su da wuri a gaban wannan inji, tabarau kuwa dole ne.

Shi ma ƙarfen ba duka ɗaya ba ne. Rodin gini ba ya yin shaf, zai murɗe ko ya tsinke. Shaf na son ƙarfe mai matsakaicin sinadarin kabon, wajen kashi 0.45 cikin ɗari. Inda babu sabo, tsohon shaf ɗin ƙafar babbar mota daga hannun 'yan gwangwan ya fi rodi nesa ba kusa ba, kuma gwani kan gane taurinsa daga yadda tartsatsi ke fashewa a giranda. Ƙarfen zubi kuma yana tsagewa idan aka yi masa walda ta yau da kullum ba a ɗumama shi ba. Sannan ga ƙurar hunturu: ta haɗu da man da ke kan gadon inji, sai ta riƙa cin gadon a hankali. Rumfar kwano a bakin titi ta ishi mai walda, amma injin sassaƙa sai ɗaki mai ƙofa da daɓen kankare mai kauri da aka daidaita, domin gado ya karkace ko kaɗan, duk shaf ɗin da ya fito zai zama kai ɗaya ya fi ɗaya kauri.

Hanya da tsaro

Ba a maganar jari a wannan yanki a tsallake tsaro. Sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 a ranar 11 ga Disamba 2020 ya sa duniya ta san sunan garin, amma manoman Faskari da Sabuwa sun daɗe suna biyan farashin wannan masifa a gonakinsu. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Mai aikin da ya dogara da janareta da kiran waya ya san abin da watannin nan suka yi masa.

Matsalar tana ja ta ɓangare biyu. Mai kuɗi ba zai dasa inji mai tan biyu inda ba zai iya kwashe shi cikin dare ɗaya ba, gwanin da ke Kano kuma ba zai yi saurin tarewa ba. A ɗaya ɓangaren, hatsarin hanya ne ya sa gyara a kusa ya ƙara daraja, domin kowace tafiya da aka rage rai ne aka kare. Akwai kuma tsoron da jami'an tsaro ke da shi, cewa injin da ke huda bututun famfo zai iya huda na bindiga. Tsoron na da tushe, maganinsa kuwa shi ne aiki a fili: shago mai rajista, a cikin gari, ƙarƙashin ƙungiya, da littafin da ake rubuta wanda ya kawo aiki da abin da ya kawo. Wannan kariya ce ga mai sana'ar kansa.

Sabo ko na hannu

Kowa na sha'awar injin da kwamfuta ke sarrafawa, kuma inda ake buga abu ɗaya sau dubu babu kamarsa. Aikin yankinmu ba haka yake ba. Yau fulin injin niƙa ne, gobe fil ɗin garmar tarakta, jibi gudumar injin daka farar ƙasar da aka san Ƙanƙara da ita. Kowane aiki guda ɗaya ne, kuma babu zane, sai karyayyen ƙarfen da aka kawo. Ga irin wannan, injin da ake sarrafawa da hannu ya fi sauri, ya fi jure rawar wuta, in ya lalace kuma ana iya gyara shi a gida. A nan da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai mai sayen tsohon inji ya tafi da gwani, kada fenti ya ruɗe shi. A duba gado kusa da baki, inda ya fi cinyewa. A saurari ƙarar giya a kowane gudu. A yanka sanda mai tsawo a auna kai da kai, in awo ya saɓa to injin ya gaji. A ƙirga kayan haɗinsa, domin bakin damƙa da giyoyin zare da madogarar dogon ƙarfe kan yi wuyar samu daga baya. A kuma ware kuɗin ɗauko shi da dasa shi da wuƙaƙe da ma'aunai tun a lissafin farko.

Ina mafita?

A watan Mayun 2025 aka buɗe cibiyar injinan noma ta jiha a Katsina da ɗaruruwan taraktoci. Kowace ɗaya cikinsu za ta buƙaci bushin da fil da shaf nan da 'yan shekaru, kuma tsawon ranta ya dogara ne da nisan da ke tsakaninta da mai sassaƙa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar SMEDAN mai bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i kafin ya hau mulki, ya kuma kafa hukumar KASEDA don ƙananan sana'o'i, saboda haka wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Abin da nake gani zai yi aiki tsari ne mai hawa uku. Masu walda da maƙera na ƙauyuka su sami ƙananan kaya: ma'auni, injin huda na tsaye, matsi. Kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta sami ɗakin aiki guda mai injin sassaƙa da na askewa da zarto, da wutarsa ta kansa. Injinan karanshaf da silinda su zauna a Funtuwa da Malumfashi. Kada a raba inji kyauta a taron siyasa, kada kuma a damƙa shi ga ofis, domin abin da ba na kowa ba babu mai shafa masa mai. A ba gwani ko ƙungiyar masu sana'a haya da za ta zama mallaka, a tsara biyan ya bi kaka da rani lokacin da aiki ke yawa, a sa sharaɗin ya yaye yara a kowace shekara.

Kafin duk wannan, ƙungiyoyin masu walda da makanikai na da aikin da ba ya buƙatar ko kwabo daga gwamnati. Su riƙe littafi na kaka guda, su rubuta kowane ƙarfe da aka fitar daga garinsu don gyara, ina aka kai shi, nawa ya ci, kwana nawa inji ya yi a tsaye. Wannan littafi shi zai faɗi girman injin da ya kamata a saya da garin da ya kamata a fara da shi, kuma shi ne hujjar da banki ko hukuma ba za su iya kawar da kai daga gare ta ba. A fara da ƙirga aiki, a tanadi wuta, a nemo malami, sannan a yi cinikin inji.